Tsohon Gida da Zafin Bazara: Tambayoyi da Amsoshi kan Tare Zafi da Toshe Kafofin Iska

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu tsofaffin gidaje a ƙasar Hausa, daga Kano da Zariya da Sakkwato har Maraɗi da Damagaram, musamman idan Maris ya kama, barci ya fara gagara a ɗaki. Wani gidan ƙasa ya gada, wani gidan bulo ne da aka gina shekara 40 ko 50 da suka wuce, wani kuma gidan ƙasa ne da aka ɗora wa kwano daga baya. Maganin kowanne daban ne, amma dukkansu daga sama ake fara gyara su.

Me ya sa ɗakina yake fin tsakar gida zafi bayan isha'i, alhali rana ta daɗe da faɗuwa?

Saboda gini yana ajiye zafi. Tun hantsi rana ke dukan rufi da bango, su kuma suna sha suna adanawa. Da rana ta faɗi iskar waje kan huce da sauri, domin a busasshiyar ƙasa babu gajimare ko laimar da za ta riƙe zafin. A watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, zafi kan haura digiri 40 da azahar, kafin asuba kuma ya sauko ƙasa da 30. Bulo da kankare ba sa hucewa da wannan saurin. A hankali suke sakin abin da suka sha, wani ya tafi waje wani ya shigo ɗaki, har tsakar dare. Dalilin da ya sa ake fitar da tabarma da katifa tsakar gida ke nan.

Kafin ka kashe ko sisi, ka gwada da hannunka. Da la'asar ka hau kujera ka miƙa tafin hannu kusa da silin. Da ƙarfe tara na dare ka bi bango huɗun ɗakin kana dafawa. Inda ka ji huci ya fi yawa, nan ne matsalarka take.

Ta ina zafin ya fi shigowa: rufi, bango ko taga?

A gida mai hawa ɗaya, rufi ne, nesa ba kusa ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a ƙarshen Afrilu rana tana tsayawa ne daidai tsakar ka da azahar, a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Rufi ne ke karɓar dukan kai tsaye. Kwanon da ya yi duhu ko ya yi tsatsa zai iya kai wa digiri 70, kuma ƙarfe ba ya tare komai: cikin 'yan mintuna zafin ya ratsa ya koma kan silin, idan babu silin kuma ya sauka kan mutane.

Bayan rufi sai bangon yamma, wanda rana ke gasawa daga la'asar zuwa magariba lokacin da iska ta riga ta ɗauki zafi, sannan bangon gabas. Bangon arewa da na kudu ba su cika damun mutum a bazara ba. Taga kuwa, girmanta da inda ta fuskanta ne ke yanke hukunci; an yi bayaninta a amsar da ke kan tagogin luba.

Mene ne bambancin tare zafi da toshe kafofin iska, kuma da wanne ake farawa?

Tare zafi shi ne sanya wani abu mara nauyi, mai riƙe iska a cikinsa, tsakanin wuri mai zafi da ɗaki, don zafin ya kasa ratsawa da sauri. Toshe kafa kuwa shi ne rufe ramuka da tsagogin da iska mai zafi da ƙura ke bi su shigo, ko sanyin na'urar sanyaya ɗaki ke bi ya fice. Aiki biyu ne daban, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Abu guda da ya kamata a riƙe: abin tare zafi ba ya ƙirƙirar sanyi. Kamar kular abinci yake, abin da ka zuba shi za ta riƙe maka, ƙanƙara ce ko shinkafa mai tururi. Ɗakin da aka tare wa zafi aka toshe, amma rana na shiga ta taga kuma ba a buɗe shi da daddare, zai iya fin da muni. Saboda haka tsarin da ya fi biyan kuɗin sabulu shi ne a fara da hana rana taɓa ginin, ta inuwa da farin launi. A bi da rufi da silin. Sannan a toshe kafofi. Na'ura ita ce ta ƙarshe. Yawancin mutane daga ƙarshen suke farowa, shi ya sa kuɗin wuta ke cinye su.

Gidanmu na ƙasa ne mai soro, na kaka da kakanni. Shi ma yana buƙatar a sa masa wani abu?

Galibi a'a. Abin da yake buƙata shi ne a gyara shi ya koma yadda magina suka yi shi. Bangon tubali mai kauri ba ya hana zafi ratsawa gaba ɗaya, jinkirta shi yake yi. Bango mai kaurin santimita 40 ko fiye yakan riƙe zafin rana kusan rabin yini kafin ya iso ciki, kuma kafin nan dare ya yi, wani kaso ya riga ya juya ya koma waje. Haka soron da aka shimfiɗa wa azara aka ɗora ƙasa. Ƙara da tsawon ɗaki irin na bakan gizo ko ɗaurin guga, da ƙananan tagogi can sama kusa da rufi, sai ka ga iska mai zafi tana taruwa sama da kan mutum tana fita. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya san wannan sanyin.

Raunin gidan ƙasa shi ne ƙarshen bazara, lokacin da dare ma ba ya hucewa sosai. Zafin jiya bai gama fita ba na yau ya hau kai, ɗaki ya cika. Magabata sun san da wannan, shi ya sa suke wuni a ɗaki ko zaure, su kwana a tsakar gida ko kan soro. Idan ana son a taimaka wa irin wannan gida, a yi masa inuwa daga sama, a kuma buɗe shi da daddare. Kada a liƙa masa soso ko leda daga ciki: yin haka yana raba ɗakin da kaurin bangon da ke sanyaya shi, ya kuma tara danshi idan damina ta zo.

Soronmu yana yoyo kowace damina. An ba ni shawarar in rushe shi in sa kwano. In yi?

Wannan ita ce shawarar da ta fi lalata tsofaffin gidaje. An huta da yoyo, an sayi zafin wata uku ko huɗu a kowace shekara. An gudu ba a tsira ba. Idan azarar tana da lafiya, gara ba ta ci ba, kuma bango bai buɗe ba, a bar soron a inda yake, a ɗora masa kwano daga sama a kan ƙafafun ƙarfe ko katako, a bar tazarar aƙalla taku ɗaya tsakaninsu, gefe a buɗe. Kwano ya tare ruwa da rana, iska ta bi ta tsakani ta kwashe zafin, soron ya zauna a inuwa. Haka Francis Kéré ya yi a makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001: silin na ƙasa, kwano a ɗage can sama. Shi ne ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gini a 2022.

Abu biyu ne za a kiyaye. Iskar farkon damina tana son irin wannan rufi, don haka a ɗaure shi da gaske, ba a jikin yaɓe kawai ba. Sannan a fito da bakin kwanon ya wuce bango, ruwan ya zuba nesa da gindin gini. Idan kuma azarar ta riga ta ruɓe, a kira magini ya duba kafin kowa ya ƙara kwana a ƙarƙashinta. Maganar zafi ta jira.

Da gaske ne farin fenti a kan kwano yana rage zafi?

Gaskiya ne, kuma cikin duk abin da za a yi wa rufin kwano shi ne mafi sauƙin kuɗi. Sabon farin fenti mai kyau yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hasken rana, tsohon kwano mai tsatsa kuwa yawanci sha yake yi. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda ya fitar da tsarin yaƙi da tsananin zafi a 2013, ya sa farin rufi cikin manyan matakansa a unguwannin talakawa.

Matsalarmu a nan ƙura ce. Hunturu ɗaya ya ishi farin rufi ya koma ruwan ƙasa, amfaninsa ya ragu. A wanke shi a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama. Kafin a shafa kuma a kankare tsatsa, a toshe ramukan ƙusa, a fara da fentin hana tsatsa. Farar ƙasa tana aiki a kan kankare da yaɓe, amma ba ta zama a kan kwano, ruwan farko zai tafi da ita. Mai sabon rufi kuma ya lura: kwano mai launin baƙi ko ruwan toka mai duhu da ake yayi yanzu yana da kyan gani daga titi, amma na cikin gida ne ke biyan kuɗin kyan.

Takardar alminiyam mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin kwano fa?

Tana aiki, da sharaɗi ɗaya da kafintoci da yawa ke mantawa: dole fuskar mai ƙyalli ta kalli sarari. Zafin da kwano ke watsowa ƙasa irin na hucin garwashi ne, yana tsallake iska ya sauka kan silin. Alminiyam mai ƙyalli ba ya watsa irin wannan hucin sai ɗan kaɗan. Amma idan aka matse takardar tsakanin abu biyu ba tazara, ta zama ƙarfe kawai mai wuce da zafi. A bar mata sararin santimita 2 ko 3 aƙalla.

A ɗaure ta a ƙarƙashin katakon rufi, ƙyallin na kallon ƙasa. Idan aka shimfiɗa ta a kan silin tana kallon sama, ƙura za ta lulluɓe ta cikin shekara ɗaya ko biyu, ƙyallin ya mutu, amfanin ya tafi. A kuma nisanta ta da tsirarar wayar lantarki.

Me ake shimfiɗawa a kan silin, kuma kaurin nawa ya isa?

Abin da aka fi samu a kasuwa uku ne: audugar gilashi mai zuwa a naɗe, audugar dutse, da farin soson nan irin wanda ake tallafe firji da talabijin da shi a cikin kwali, mai zuwa falle-falle. Ƙarfinsu na tare zafi kusan ɗaya ne. Santimita 5 na audugar gilashi yana hana zafi ratsawa kusan kamar bangon ƙasa mai kaurin mita ɗaya, sai dai ba ya adana sanyin dare yadda ƙasa ke yi. Santimita 5 shi ne mafi ƙaranci, 10 ya fi, musamman a ɗakin da ke da na'urar sanyi. Audugar gilashi da ta dutse ba sa kama wuta. Farin soso yana ci, hayaƙinsa kuma guba ne, gara da ɓera suna haƙa rami a cikinsa. Idan da zaɓi, a ɗauki auduga.

Yadda aka shimfiɗa ya fi irin abin da aka saya muhimmanci. A jera ta kafaɗa da kafaɗa ba giɓi, har kan bango, kada a danne ta, domin iskar da ke cikinta ce ke yin aikin. A toshe ramukan silin tukuna kafin a shimfiɗa, kamar yadda aka bayyana a amsar gano kafofi. Mai aikin ya sa safar hannu, riga mai dogon hannu da takunkumi, ya hau da sassafe; cikin silin da azahar wuri ne da mutum kan suma. A tsohon gida a fara kiran mai gyaran wuta. Tsohuwar waya mai haɗe-haɗe idan aka binne ta cikin auduga ba ta samun hucewa, gobara kan fara daga nan.

Kada kuma a rufe sararin da ke tsakanin kwano da silin ruf. Yana buƙatar kafar shigar iska a bakin rufi da ta fita can sama ko a jikin bangon gefe, a sa musu raga mai ƙarfi saboda jemagu da tsuntsaye. Silin ne ake toshewa, ba saman silin ba.

Ba ni da kuɗin waɗannan. Ɓuntun shinkafa, kara ko zana za su yi?

Za su yi wani abu. Ɗakin kwano tsirara da aka yi wa silin na zana ko na karan dawa ya fi wanda ba shi da komai nesa, kuma mutanen karkara sun daɗe suna shimfiɗa ciyawa ko kara a kan kwano don inuwa. Ɓuntun shinkafa yana tare zafi sosai, ba ya saurin ruɓewa, ga shi a tsibi a bakin kowane injin casa. Ana ɗura shi a buhuna a jera, amma sai an tabbatar silin zai ɗauki nauyin, kuma babu yoyo.

Haɗarinsu wuta ne da ƙwari. Kada a sa su a ɗakin girki ko kusa da waya, a kuma riƙa dubawa duk shekara.

Silin ɗinmu irin na da ne, na asbestos. In fasa in sauya?

Idan lafiyarsa ƙalau, a bar kaza cikin gashinta. Asbestos ba ya cutarwa yana zaune. Ƙurarsa ce ke cutarwa idan aka fasa, aka huda, aka yanka ko aka goge. Ƙananan zarurrukansa suna maƙalewa a huhu, su haifar da ciwon huhu da daji bayan shekaru 20 ko fiye. A shafe shi da fenti daga ƙasa don ya riƙe, a toshe tsagoginsa ba tare da kankarewa ba. Ba ya ɗaukar nauyin mutum, don haka mai shimfiɗa auduga a kansa a kan katako zai taka. Idan ya farfashe har dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke falle-falle ba a karya ba, a fitar da yara da kayan ɗaki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Namu rufin kankare ne, wanda magina ke kira dekin. Da rana da sauƙi, da dare ne azaba.

Dekin yana adana zafi kamar soro, amma ya fi soro siranta kuma ya fi saurin wuce da zafi, sai zafin ya iso ciki daidai lokacin kwanciya. Maganinsa daga sama ne. A shafe shi da fari, ko a kafa masa rumfa, ko a shimfiɗa abin tare zafi a kansa a rufe da siminti ko tayil. Faifan sola da aka ɗaga a kan ƙafafu ma inuwa ne ga wurin da ya rufe. Silin POP daga ƙasa yana ɗan taimakawa, sai dai kankaren yana nan da zafinsa yana aika shi cikin bango. Watsa ruwa a kai da magariba yana sanyaya shi, amma a inda ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa ba abin yi ba ne kullum, kuma tsohon dekin mai tsaga zai fara yoyo.

Bangon yamma yana ƙuna har dare. Ya zan yi da shi?

Inuwa. Bulo mai inci shida ba shi da kaurin da zai jinkirta zafi har gari ya huce, mai inci tara ya ɗan fi shi. Hanya mafi sauri ita ce a kafa rumfa ko a tsayar da zana taku biyu daga bangon, iska na bi ta tsakani. Mai haƙuri ya dasa darbejiya ko mangwaro, amma a ba shi mita 4 ko 5 daga gini, musamman na ƙasa, saboda saiwa. A shafa wa bangon fari daga waje. Daga ciki kuma a janye gado daga jikinsa, a mayar da durowar kaya wurin.

Wanda zai kashe kuɗi ya liƙa abin tare zafi a bango, ya liƙa daga waje ya rufe da yaɓe, domin nauyin bangon ya zauna ta ɓangaren ɗaki yana riƙe sanyin dare. Liƙawa daga ciki tana da ma'ana ne kawai a ɗakin bulo da ake kunna wa na'ura na 'yan awanni.

Zan iya yaɓe bangon ƙasa da siminti don in toshe tsagoginsa?

Ana yi, kuma ana yin nadama. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Zafi da sanyi kan sa simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar da ke baya ta jiƙe tana narkewa ba wanda ya gani. Ranar da ɓawon simintin ya ɓallo, sai a tarar da kogo a bayansa. Ƙwanƙwasa irin wannan bango da yatsa, za ka ji wuraren da suka rabu suna amsawa kamar fanko.

Tsagar bangon ƙasa da ƙasa ake cike ta, a kwaɓa da ciyawa a bar ta ta kwana. Don kariya daga ruwa magina suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, gashin jima da dafara. Masu iya haɗa su sun yi ƙaranci, amma ba su ƙare ba. A tsofaffin unguwannin birni a tambayi gidan Sarkin Magina. A gyara indararo kuma, domin yawancin lalacewar bango daga ruwan da ke zuba a jikinsa take farawa.

Yaya zan gano kafofin da iska ke shiga, kuma da me zan toshe?

Hunturu ya riga ya yi maka rabin aikin. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Bodele a Chadi tana barin sawu a duk inda ta bi: jan layi a gefen silin, tsibi a kusurwar taga, shara a ƙarƙashin ƙofa. Ka duba kafin a share. Hanya ta biyu, ka rufe ƙofa da taga da rana ka kashe fitila, duk inda haske ya leƙo kafa ce. Ta uku, ka kunna turaren tsinke ranar da ake iska, ka bi da shi gefen taga, ƙofa da soket. Inda hayaƙin ya karkace, iska na wucewa.

Wuraren da aka fi samu su ne mahaɗar silin da bango, ramin fanka da na fitila, murfin hawa silin, ramin da aka huda wa bututun na'urar sanyi aka bari a wangale, da ƙarƙashin ƙyaure. Na silin sun fi muhimmanci, domin iskar da ke sama da shi ita ce mafi zafi a gidan. Ƙananan tsagogi a cike su da silikon ko filla, manyan ramuka da siminti ko POP, gefen ƙofa da taga a liƙa musu roba mai manne. Ƙarƙashin ƙofa kuma, zirin roba daga tsohon tiyub da aka kafe da ƙusa yana yin aikin wanda ake sayarwa. Amma kafin ka toshe komai, karanta amsoshi biyun da ke biye.

To in toshe ɗakin ko in buɗe iska ta shiga? Maganar ta zama biyu.

Duka biyun, kowanne da lokacinsa. Ƙa'idar ita ce: idan waje ya fi ciki zafi a rufe, idan waje ya fi ciki sanyi a buɗe. A bazara wannan na nufin a rufe taga da labule tun hantsi, a buɗe bayan isha'i har safiya. Iskar azahar mai digiri 42 da ke kaɗawa ta taga zafi take ɗorawa bango, ko da jiki ya ɗan ji daɗinta. Amfanin toshe kafofi shi ne ya zama kai ke zaɓar lokacin da iska za ta shiga.

Da daddare a buɗe ɓangare biyu masu fuskantar juna, in da hali ɗaya ƙasa ɗaya sama. Fankar tsaye da aka ajiye a bakin taga tana tura iskar ɗaki waje takan jawo mai sanyi ta ɗaya ɓangaren. Ragar sauro tana rage iska, mai ƙura kuma ta fi ragewa, a riƙa wanke ta. Idan damina ta sauka lissafin ya canza: laima ta yi yawa, bambancin dare da rana ya ragu, sai a bar iska tana ratsawa yini da dare.

Akwai haɗari a toshe ɗaki sosai?

Akwai, kuma yana kisa. Gawayi a kasko da ake shigarwa ɗaki lokacin sanyi, risho, da janareta duk suna fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi. Mutum yakan fara da ciwon kai da kasala, ya yi barci, bai farka ba. A tsohon ɗaki mai ramuka wani kaso na gubar yana ficewa. Idan aka toshe ramukan, wannan ɗan sassaucin ma ya tafi. Kada a kwana da garwashi a ɗaki. Janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, ba a zaure ko lungun da ke manne da ɗakin kwana ba. Ɗakin girki kuwa ba a toshe shi sam.

Na biyu cunkoso ne. Ƙasar Hausa tana cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla a lokacin rani da zafi, kuma kwanan mutane da yawa a ɗaki mara iska yana taimaka masa yaɗuwa. Kowane mutum ma yana fitar da zafin da ya kai wat 100. Ɗakin da mutum shida ko takwas ke kwana, buɗewa yake buƙata fiye da toshewa.

Tagoginmu luba ne. Dole sai na sauya su?

Ba dole ba. Luba ba ta rufuwa ruf, ƙura da iska suna bi tsakanin gilasanta, amma wajen shigar da iskar dare babu kamarta, domin kusan dukkan faɗin tagar ke buɗewa, mai zugewa kuwa rabi kawai. A ɗakin da babu na'ura a bar ta, a mayar da gilasan da suka fashe, a gyara mariƙin. A ɗakin da ke da na'ura ne sauyawa ke biyan kuɗinta. Ko wace iri ce, inuwar waje ta fi labulen ciki: asabari ko ƙyauren katako da aka rataya daga waje yana tare rana kafin ta taɓa gilashi, labule kuwa sai zafin ya riga ya shigo yake tarar sa.

Bayan duk wannan, wace na'ura ta dace: fanka, mai ruwa ko esi?

Fanka ba ta sanyaya ɗaki, gumin jiki take busarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da ita idan zafin bai kai digiri 40 ba, domin sama da haka iskar da take hurawa tana ƙara wa jiki zafi. Na'ura mai ruwa ta dace da bazararmu sosai, saboda busasshiyar iska tana shan ruwa ta huce. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a Jigawa don adana kayan miya. Wutar da take ci kaɗan ce, sola ma na ɗaukarta. Sai dai tana son taga a ɗan buɗe, in ba haka ba ɗaki ya cika da laima, kuma da damina ba ta da amfani.

Esi ne ke son ɗaki a toshe. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin A (Band A) a Najeriya a Afrilun 2024, duk sanyin da ya fice ta ƙarƙashin ƙofa kuɗi ne. A gyara ɗaki ɗaya tukuna, a auna girman na'urar bayan gyara ba kafinsa ba, domin ɗakin da aka yi wa silin da inuwa ƙaramar na'ura ta ishe shi. A saita ta a digiri 26 ko 27 a haɗa da fanka, a kuma yi wa ɓangaren na'urar da ke waje inuwa ba tare da an toshe masa iska ba.

Haya nake zaune. Me zan iya yi ba tare da na taɓa ginin ba?

Asabari a wajen taga, roba a ƙarƙashin ƙofa, zana a tsaye gaban bangon yamma, rufewa da rana da buɗewa da dare. Ka sauya tsofaffin ƙwayayen fitila masu wat 60 da na LED masu wat 8 ko 9, ka fitar da firji daga ɗakin kwana, domin duk zafin da ya cire daga cikinsa a ɗakin yake zubarwa. Maganar fentin rufi ko silin kuwa, ka kai wa mai gida ita a matsayin gyaran da zai ƙara wa kwanonsa kwana, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa za a cire kuɗin daga haya.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a yi aikin?

Tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, bango ya bushe, duk inda ya yi yoyo da damina tabonsa na nan a silin ana gani, kuma ma'aikaci zai iya hawa rufi ba tare da ya gasu ba. A toshe yoyo tukuna, domin audugar da ta jiƙe ba ta tare komai, nauyinta ma kan karya silin. Fentin rufi a bar shi zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da ƙura ta fara lafawa. Yaɓen ƙasa da makuba kuma a gama su kafin Mayu, su samu bushewa kafin ruwan farko.